Bakin Garmar Haliru a Ɗakin Gwaji

Shekara talatin da biyu Haliru Maƙeri ya yi yana ƙera bakin garmar shanu a bayan kasuwar Goronyo, kuma da tsohon sifirin babbar mota yake yin kowane. Alamarsa ɗigo uku ce kusa da ramin noti. Manoman Marnona, inda rairayi ke side ƙarfe kafin a yi huɗa biyu, sun san mai ɗigo uku yana kai damina huɗu. Shi kam kunyar abin yake ji. A ganinsa dattijo ba ya tallar cewa a juji yake tsinto kayan aikinsa.

Sai ƙungiyar manoma ta ce mutum ɗaya za ta ba aikin garmar 'ya'yanta duka. Da yake ilimi ya zo gari, shaidar damina talatin da biyu ba ta isa ba, sai na'ura ta yi magana. Aka kawo injiniya Aziza daga wani ɗakin gwaji a Sakkwato. Ta yi masa bayani: za a yanki guntun ƙarfen, a auna nauyinsa, a danna shi a jikin wata tayar roba mai juyawa, yashi na zuba a tsakani, sannan a sake aunawa. Wanda bai ragu sosai ba shi ya ci gasar.

Haliru ya ce, "Watau ɗaki kunka gina, kunka sa hwanka, don ku yi abin da gonar Marnona ka yi kyauta?"

Ta yi dariya. "Haka na, Baba. Amma wanda kaka ƙerawa kullum shi nika so."

Ya ce to. To ɗin nan ita ta kashe shi. Baƙuwa ce, birni kuma za a kai abin, ina shi ina miƙa mata tsatsa? Ya shiga kasuwa ya sayo sabon ƙarfe fes mai sheƙi, irin na ƙyauren shago. Ya ƙera bakin garma da shi, kwana uku yana goge shi da zarto, ya shafe shi da mai, ya naɗe a sabon ƙyalle.

Matarsa Uwaliya ta ce, "Malam, mi as sami ƙarhenka na kullum?"

"Ke dai ba ki san girmama baƙo ba," in ji shi.

Abokin takararsa Mudathir ne, mai sayar da buhunan albasa, wanda bai taɓa ɗaga masabar ƙira ba. Shi bai wahalar da kansa ba. Ya je gonar kawunsa a Tursa, ya kwance tsohon bakin garma, ya wanke, ya miƙa.

Bayan mako uku Aziza ta dawo jikinta a sanyaye. Yashi bai san girmama baƙo ba shi ma: abin da ya ci a ƙarfen Haliru ya ninka na Mudathir sau uku. An riga an sa hannu a takarda, an ba Mudathir aikin. Ta nuna masa ragowar wanda ya ci gasar, ta ce su kansu sun yi mamakin taurinsa. Haliru ya juya shi. Ɗigo uku na nan kusa da ramin noti.

Zuciyarsa ta yi ɗaci. Amma ya zai tsaya gaban jama'a ya ce na gasken ya ɓoye, na ado ya bayar? Ya mayar mata, ya ce Allah ya sa alheri.

Ranar kasuwa sai ga Mudathir da amalanke cike da tsohon sifirin, da hatimin ƙarfe mai ɗauke da sunansa. Ya durƙusa har ƙasa, ladabi kamar gaske.

"Baba, aiki ya samu. Kai ka ƙerawa, ni in kai."

Haliru ya karɓa, don gida sai an ci abinci. Yanzu a gurbin ɗigo uku sunan Mudathir yake bugawa. Bara wani manomin Marnona ya tsaya a maƙerar, ya ɗaga ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya ba shi shawara tsakani da Allah.

"Haliru, ka dubi aikin yaron ga da kyau. Ko kai ma ka koyi wani abu."