Raƙumin da Na Yi wa Magani

A shekarar da Nasara suka kafa sansaninsu a Agadas na sayi raƙumi, na farko kuma na ƙarshe a rayuwata. Ni baduku ne, mutumin Damagaram, aikin fata ya kawo ni Abzin. Ba ni da kowa a garin sai mai masaukina, wani tsoho kurma da muke gaisawa da hannu. Ran nan wani falke ya zo mini da saƙo: mahaifiyata ta kwanta ciwo, sunana take ta kira. Ayarin kudu yana shirin tashi, hanyar ba ta biyuwa ga mutum ɗaya, madugu kuma ba ya karɓar wanda ba shi da dabbar da za ta ɗauki ruwansa.

Na sayar da jakunkunan da na ɗinka da fatun da na jeme, na nufi kasuwar dabbobi. Dillali ya nuna mini wani fari dogo, ya buɗe mini haƙoransa, ya sa ya durƙusa ya tashi. Ya ce kayan Nasara ya taɓa ɗauka, ya san aiki. Ni kuwa na yi ta gyaɗa kai kamar wanda aka haifa a gindin akala. Fatar raƙumi na sani sarai, amma sai bayan ya mutu.

Da na ɗora masa sirdi a gida sai ya yi wani kuka ya zube. Na shafa gefen tozonsa, laka ta fashe a hannuna. Ashe miki ne mai zurfi, akwatunan Nasara suka ci masa baya, aka cike ramin da laka aka manna gashi a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma idon dabbar ya fi ƙarfin fushina. Na wanke mikin da ruwan bagaruwa, na shafa man shanu, na ɗinka masa matashi mai rami a tsakiya don kada komai ya taɓa wurin. Don in gwada matashin, na ɗora masa salkar ruwa daga rijiya zuwa gida. Bai kai ba, a hanya ya durƙusa.

Sai na kai ƙara gun alƙali. Na san shari'a tana tare da ni, domin wanda aka ɓoye wa tsohon aibi yana da ikon mayar da abin da ya saya. Dillali ya zo da mai raƙumin da ƴan'uwansu, suka cika zaure. Ni kaɗai na zauna a ɓangarena.

Alƙali ya duba mikin ya ce tsoho ne, ba shakka. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya tambaye ni, "Baƙo, wa ya sa mishi magani?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Bayan ka ga aibin, ka ɗora mishi kaya?"

Dillali ya yi caraf ya ce duk mutanen rijiya sun gan ni da salka.

"To, ɗana," in ji alƙali, "wanda ya ga aibi ya ci gaba da aiki da dabba, ya yarda da ita ke nan. Da ka jawo shi nan da lakarshi, da yau ka tahi da haƙƙinka."

Kowane ɗan Agadas ya san wannan. Babu wanda ya gaya mini, domin babu wanda nake magana da shi. Har yau in na tuna fuskar dillalin nan sai in ji ɗaci a bakina.

Washegari da hantsi ayari ya tashi. Na tsaya a bayan gari ina kallon su har suka zama ɗigo, sannan na komo na wanke miki. Kaɗaici ya dame ni a watannin nan, har na koma yi wa raƙumin hira da yamma. Ina ba shi labarin gidanmu, da yadda Inna take dama fura da tsamiya, shi kuma yana ta tuƙa.

Ya warke bayan damina, ya yi ƙiba, gashi ya rufe tabon. A makon da na fara hawansa falken nan ya sake shigowa gari. Ya same ni ina gyara sirdi, ya tsuguna ya cire takalmansa, ya daɗe yana kallon dabbar.

"Raƙumi mai kyau," ya ce. "Sai dai ba sauran gaggawa. Allah Ya ji ƙan Inna."