Tawul Biyu na Malam Ma'aruf

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam Ma'aruf ya baro Gusau ya zo birnin Greensboro na Amurka. Ya tuƙa tasi, ya yi dako a sito har bayansa ya ce ya gaji, sannan ya koma jinyar tsofaffi a gidajensu. Taƙamarsa ɗaya ce: ko allura ba ta taɓa ɓata a gidan da ya yi aiki ba. A wannan sana'a kuwa, sau ɗaya za a kira ka ɓarawo, kasuwarka ta watse.

Gidan Mista Harlan da ke Pleasant Garden ne ya so ya ja masa. Tsohon malamin tarihi ne, tsufa ya rikita shi. A bangon falonsa akwai allon dutse daga Masar, an sassaƙa Fir'auna da matarsa suna kallon gefe. Falon ne kaɗai inda Ma'aruf zai yi salla tsohon na kusa da shi, ga dutsen daidai alƙibla. Shi kuwa ba zai kai goshinsa ƙasa gaban Fir'auna ba, ko na dutse ne. Sai ya riƙa lulluɓe shi da tawul, in ya sallame ya yaye.

Carol, 'yar tsohon, ta lura dutsen na yawan karkacewa. Ta fara tambayoyi cikin murmushin da bai kai zuci ba: ko ya san darajarsa? Ko yana da abokai masu sayar da kayan tarihi? Ma'aruf ba yaro ba ne, ya san inda aka dosa, abin kuma ya yi masa ciwo. Amma ya ja bakinsa, don gani yake in ya ambaci salla, sabon zargi zai buɗe. Shirun nan ya sa ta ɗauke shi mai kaza a aljihu.

Bayan mako biyu ta kira shi kicin, ta miƙa masa waya. Ga shi nan a bidiyo yana rufe dutsen, yana ruku'u, yana goge wa tsohon baki.

"Ka yi haƙuri, na zarge ka a banza," ta ce da Turanci.

"A ina kika ɓoye kyamarar?"

Ta nuna agogon da ke kan kantar falo, tana sunkuyar da kai.

Bai bar aikin ba, don tsohon ya saba da hannunsa. Amma washegari da azahar, tawul biyu ya ciro daga jaka. Ya rufe Fir'auna, ya rufe agogon, sannan ya tayar da kabbara.