Cokulan Ƙaltume

Duk wanda ya sha shayi a gidan Hajiya Murja da ke unguwar Bani Harisa a Madina ya san hannun Ƙaltume, ko da bai san fuskarta ba. Daga Damagaram ta zo Madina a 1974, ta kama aikatau, wai shekara biyu kawai. Fasfonta da iƙamarta, wato takardar izinin zama, suna cikin durowar Hajiya. Ɗan Hajiya ne kafilinta, wato wanda ya tsaya mata a hukumance, ba ta barin ƙasar sai da sa hannunsa, shi kuwa ba ya tsallake maganar uwarsa.

A shekara ta tara alhazan garinsu suka kawo mata kaset. Muryar mahaifiyarta ce, tana cewa ƙafa ta ƙi, ido ya tafi, ta zo su gana. Ni maƙwabciyar Hajiya ce, a kicin ɗina ta kwana uku tana bitar yadda za ta roƙi fasfo, har ni ma na haddace.

Ran Alhamis bayan la'asar ta durƙusa gaban Hajiya. Kafin ta buɗe baki, Hajiya ta turo mata wani akwati mai shimfiɗar jan karammiski. Cokulan shayi shida ne na azurfa, waɗanda kakan Hajiya ya saya wajen wani Baturke tun ana zuwa Madina a kan raƙumi.

"Karɓi, ya binti, 'yata," in ji Hajiya. "Na ga ranki a ɓace. Surukaina ma ban ba su ba. Ke 'yar gida ce, wallahi in kin tafi mutuwa zan yi."

"Hajiya, wannan ya yi yawa."

"Aibu! Ana mayar da kyauta?"

Da ni ce, da na rungume akwatin sannan na ce a miƙo fasfo. Amma a gidansu Ƙaltume ba a karɓar kyauta a bi ta da roƙo. Ta yi godiya ta tashi. Ta ce sai mako mai zuwa, makon ya zo kunya ta ƙara nauyi, har alhazan suka koma gida. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Hajiya da gaske take son ta.

Mahaifiyar Ƙaltume ta rasu kafin azumi. Ranar da muka je yi wa Ƙaltume gaisuwa falo ya cika, sai na ji Hajiya tana kira: "Ƙaltume, habibti, ara mana cokulanki, baƙi sun yi yawa."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauko akwatin, ta shiga zuba mana shayi.