Kawu da Jakinsa a Cikin Fim

Abin da na fara gani shi ne ruwa yana komawa cikin guga. A zauren gidanmu ne, a Agiye. Wata baƙuwa daga Maradi ta ɗora ordinatar, wato kwamfuta, a cinya, ta taɓa da yatsa, sai matar da ke cikin hoton ta janye ruwan da ta zuba. Ni da littattafan soyayya na kasuwa suka cika wa kai, nan take na raya a zuciyata cewa wannan baiwar Allah za ta iya dawo da duk masoyin da ya yi nisa.

Aikinta haɗa fim ne. Wasu suka ɗauki hotunan manoman garinmu da itatuwan gawon da suke reno a gonaki, ita kuma ta yanka, ta jera. Tana da ƙa'ida: ba ta sakin fim sai mutanen cikinsa sun gani.

Kafin ta kawo mana, kawuna ya rasu. Yana cikin fim ɗin, matarsa Inna kuma tana takaba. Baƙuwar ta ce in raka ta har ɗaki, in ganinsa zai fama wa Inna ciwo, a cire shi gaba ɗaya. Ban so a cire shi ba, don ba mu da wani hotonsa.

Inna ta kalli mijinta tsaye cikin gona da sabuwar hula, yana bayani a natse. Sai ta juyo wajen baƙuwar.

"'Yar nan, wannan wane ne? Malamin lakol mai koyar da yara?"

"Baba ne, Inna."

"A'a. Nawa ba ya wuni bai yi faɗa da jaki ba. Ina kika kai jakin?"

"Na yanke wurin. Na ga kamar zai zubar masa da girma."

"To, girman na aura?"

Baƙuwar ta lalubo guntun da ta ajiye gefe. Ga Kawu riƙe da igiya yana lallashi: "Haba Alhaji, taka mana, mutane na kallo!" Jaki ya kafe. Inna ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka.

Fim ɗin ya fita har da jakin. Jikokin da ba su san Kawu ba sun san muryarsa, kuma duk sanda na ji suna kwaikwayonsa sai in sa wa baƙuwar nan albarka.

Yanzu ita ke shirya finafinanta da kanta. Bara na hange ta a tashar Gazawa, da furfura da tabarau mai kauri, tana nuna wa wasu 'yan mata biyu yadda za su rungume kyamara a bayan babur.