Sukurori Biyu da Kwana Tara

Shekarun baya, lokacin da Doha ke ta shirin gasar cin kofin duniya, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ce ke riƙe mini hannu.

Asalina makanike ne. A Panteka ta Kaduna na koyi aikin ƙarfe, na zo Qatar na yi shekara biyu a wani gareji a Sanaiya, daga nan Allah ya yi mini hanya na samu aiki a wani kulob na wasan harbi can gaba da Lusail. A ɗakin gyara nake: in wanke bindigogin kulob, in duba su, in canza abin da ya ci. Da korona ta zo aka rufe wurin wata da watanni, sai na zauna a ɗaki ba abin da nake yi sai kallon bidiyon yadda ake ɗora wa ƙaramar bindiga jan ɗigo. Ga wanda bai san shi ba, wani ɗan gilashi ne da bai kai akwatin ashana ba, ana ɗaure shi a saman bindiga da sukurori biyu. In ka leƙa ciki za ka ga ɗigon haske ja, inda ka ɗora ɗigon nan harsashi zai je. Kafin a buɗe kulob na riga na ba wa kaina digiri. Da aka buɗe kuwa sai ga kowa yana son jan ɗigo, ni ne kuma mai ɗaurawa. Aka fara ce mini Injiniya, ni ma ban taɓa cewa a daina ba.

Wanda ya raɗa mini sunan abokina ne, mutumin zongon Kumasi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, shi ya sa nake ce masa Yaya. Aikinsa tsayawa a bayan masu harbi yana lura da su, ya gyara wa wannan riƙo, ya tsawata wa wancan. Shi ya karɓe ni da na zo kulob ban san kowa ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya kawo mini shinkafa da wake irin tasu da baƙin yajin nan da suke ce wa shito, ya zauna yana kallona ina ci ina share hawaye yana dariya.

Saura 'yan makonni a fara ƙwallo, mudir ɗinmu, wato shugaban kulob, ya tara mu ya ce za a yi baƙi da yawa, don haka duk mai tsayawa a kan masu harbi sai ya sake gwajin harbi a gabansa. Wanda ya faɗi za a ɗauke shi daga fili, kuma ba za a sabunta masa kwantiragi bayan gasar ba.

Abokina bai taɓa faɗuwa gwaji ba, amma sabon gwajin da agogo ake yi, shi kuma ya ce ya fara jin saurin ya ragu. Sai ya kawo mini bindigar da kulob ya ba shi ya ce in ɗora mata jan ɗigo. Ya ƙara da cewa, "Amma Injiniya, ka sa mini dogon ƙarfe gaba da baya. Batir yana mutuwa, ƙarfe ba ya mutuwa."

Abin da yake nufi shi ne saitin ƙarfe, ɗan tsinin da ke kan hancin bindiga da 'yar tsagar da ke baya, waɗanda ake saita harbi da su tun kafin a san wani jan ɗigo. Waɗanda bindigar ta zo da su gajeru ne, da zarar an ɗora gilashi sai ya tare su. Akwai dogaye da ake sakawa don a riƙa hango su ta cikin gilashin. In komai daidai yake, ɗigon zai zauna a kan tsinin. In ɗigon ya mutu ko ya kauce, ƙarfen zai gaya maka.

Ina da dogayen a cikin durowa. Na gwada na baya, ya ƙi shiga, sai an zauna an goga shi da zarto a hankali, aikin awa guda ko fiye. Ni kuwa Injiniya ina da bindigogin manyan baƙi uku a kan tebur. Sai na mayar da lalacina ilimi. Na ce masa, "Yaya, zamani ya wuce wannan. Ƙarfen nan cika maka gilashi kawai zai yi. Batirin sabo ne, zai shekara bai mutu ba."

Ya juya bindigar a hannu, sannan ya ce, "To, kai ne ka san aikinka."

Wannan shi ne laifina na farko, shi kam a gabansa na yi shi. Na biyu bai gani ba. Ƙa'idar sukurorin nan biyu ita ce a ɗiga musu wani shuɗin gam mai hana su kwancewa, a ɗaure su da sukudireba mai ma'auni, a kuma ja ɗan layin fenti a kansu don in sun motsa a gani. Na ɗauko kwalbar gam na tarar ta bushe ƙamas. Zuwa sito in cike takarda in karɓo sabuwa, minti goma ne. Ban je ba. Na ɗaure su da hannu irin yadda muke ɗaure noti a gareji, na ce a raina hannun da ya shekara goma sha wani abu yana kama sifana ai ya san ƙarfe. Na ƙudurta gobe zan kwance in sa gam. Goben ta zo ta wuce ban ko tuna ba.

Ranar gwaji ina tsaye a bayan gilashin kallo. Harbinsa na farko-farko duk a tsakiyar takardar da ake harbi suka taru, har na fara murmushi ina kallon mutane don su san aikin wane ne. Daga nan sai harsasan suka fara gangarawa ƙasa ta hagu. Ya gyara tsayuwa, ya sake riƙo, suka ƙara nisa. Na ga ya sauke hannu ya goge ido da hannun riga. Da akwai dogon ƙarfen nan, da kallo ɗaya zai ga ɗigon ya bar kan tsini ya ɗaga hannu a tsayar da gwajin. Babu abin da zai gwada ɗigon da shi, sai ya yarda da ɗigon ya ƙaryata kansa.

Mudir ya dubi takardar ya dafa kafaɗarsa ya ce shekaru ne, ba laifin kowa ba ne, khalas, shi ke nan. Aka mayar da shi bakin ƙofa yana ba wa baƙi abin toshe kunne.

Da la'asar aka kawo mini bindigar in wanke. Ina ɗora babban yatsa a kan gilashin na ji ya motsa. Ɗan motsi ne, amma ya isa ya kautar da ɗigo. Na waiga, ba kowa a ɗakin. Kun san abin da na yi? Na je sito na karɓo sabon gam, na kwance sukurorin, na ɗiga, na ɗaure da ma'auni, na ja layin fenti tsaf, na mayar da bindigar cikin kabad na kulle. Aiki mafi kyau da na taɓa yi a kulob ɗin ke nan, kuma don in binne laifina na yi shi.

Na ce wa kaina in na faɗa ni za a kora, alhali shi ya riga ya faɗi. Na ce wa kaina wataƙila ma da gaske idon ne. Ba ƙaryar da ban yi wa kaina ba a kwanakin nan.

Ran Juma'a ya kawo mini shinkafa da wake kamar kullum. Yana sanye da wani sabon tabarau da ya saya a kantin magani, ya yi masa girma yana ta zamowa kan hanci. Ya ce, "Injiniya, ka yi aikinka da kyau paa. Ni ne ido ya tafi." Na ci abincin nan, kowace loma sai da na tura ta da ruwa, wannan karon hawayen ba na yaji ba ne.

A rana ta tara ya roƙe ni in raka shi wurin likitan ido, don ya ce turancin likitoci yana yi masa sauri. Likita ya duba ya ce idonsa na hangen nesa lafiya lau, ko tabarau ba ya buƙata sai don karatu. Na zaci zai yi murna. Muna fitowa muka zauna a tashar bas, sai ya miƙa hannayensa biyu a gabansa yana kallon su. Ya ce, "To in ba ido ba ne, hannu ne. Babana ma haka ya fara, rawar hannu. Ban gaya wa mai ɗakina ba tukuna."

Nan na kasa. Na ce, "Yaya, hannunka lafiya yake. Gilashin ne ya kwance. Ban sa gam ba."

Ya juyo ya dube ni. Na gaya masa komai, har da ɗaurewar da na yi a ɓoye. Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

Ya ƙirga da yatsu a hankali. "Kwana tara. Kwana tara in na ɗauki kofin shayi sai in tsaya ina kallon ko zai zube." Ya mayar da hannayensa kan cinya. "Sukuru kowa yana mantawa, ƙanena. Amma ka zauna ka ci abincina."

Bas ta zo muka shiga, bai zauna kusa da ni ba.

Washegari na shiga ofishin mudir da ƙafata na faɗa masa. Ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun ina yaron gareji, ya rubuta mini takardar gargaɗi, ya ce daga yau duk gilashin da na ɗaura sai wani ya duba ya sa hannu. Duk lokacin gasar haka na yi aiki, ana bin bayana kamar sabon ɗan koyo. Amma ya yarda a sake wa abokina gwaji.

Abokina ya ce ba wanda zai taɓa bindigar sai ni. Ya jawo kujera ya zauna a gaban teburina, na ɗauko dogon ƙarfen na baya na fara gogawa da zarto, in goga in gwada, in goga in gwada. Awa ɗaya da 'yan mintuna aikin ya ci. Da na gama na saka dogayen gaba da baya, ya ɗaga ya leƙa, ya ga ɗigon zaune a kan tsini, ya gyaɗa kai ya ce, "Yalla, mu je." Ya ci gwajin, ya koma filinsa, ya yi shekara guda a kai kafin ya tattara ya koma Kumasi don kansa.

Mun shirya, har yanzu muna gaisawa a waya, yana tambayata ko na samu mai dafa mini shito. Amma tun daga tashar bas ɗin nan bai sake ce mini Injiniya ba, ni ma ban bari wani ya faɗa ba. Na daɗe ina tunanin abin. Rashin sa gam kuskure ne na mai aiki, da na faɗa a ranar da yanzu muna dariyarsa. Abin da ke ba ni kunya shi ne na tsaya ina kallon mutumin da ya ɗauke ni ƙani yana zargin jikinsa, ina da amsar a bakina na haɗiye.

Ranar da zai tafi na raka shi filin jirgin Hamad. Har ya kama hanyar shiga sai ya dawo, ya laluba aljihu ya ciro tabarau ɗin nan ya danƙa mini. Ya ce, "Riƙe. Likita ya ce ni ba na buƙata." Yana cikin durowata har yau, kusa da kwalbar gam, ba na iya ɗauko ɗaya ban ga ɗayan ba.