Wankan Mbah Tukiran

Na daɗe ina jan tirelar lasifika, duk garin da bikin makaɗan rok ya nufa a tsibirin Jawa da ni ake zuwa, amma ban taɓa ɗaukar fasinja mai tsami irin Mbah Tukiran ba. Kai, sai na sauke gilasai duka! Ba ƙazanta ba ce, sana'arsa ce ta gaji haka. Shi ne mai korar mana ruwan sama, kuma mai wannan aiki ba ya wanka sai taro ya watse.

Tsoho ne ɗan tsurut, shi ya sa muke ce masa Mbah, wato kaka, kullum da taba mai kanumfari a baki. Kafin mu kafa dandamali zai zaga filin ƙwallo ba takalmi, ya soke albasa da barkono a tsinke ya kakkafa a kusurwoyi, sannan ya zauna bayan janareta yana jan carbi. Makaɗan nan masu gashi har gadon baya, masu ihu kamar maƙogwaro zai tsage, ƙungiya bayan ƙungiya sai sun sumbaci hannunsa kafin su hau. Shi kuwa auduga yake cusawa a kunne.

"Mbah, yau wace waƙa ce ta burge ka?" in tsokane shi.

"Wadda wuta ta ɗauke a tsakiyarta, Darto."

Tun yana saurayi ba a taɓa jiƙa masa taro ba, kuma wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Yakan ce shi ba hana ruwa yake ba, lallashinsa yake ya matsa gaba.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta makara. Muka yi Bandung, muka yi Semarang da Surabaya lami lafiya. Zango na ƙarshe Kediri ne, ƙauyen su Mbah yana nan bayan dutse. Da safe hadari ya fara haɗuwa, sai ga ƙanwarsa Wagiyem, manomiya, ta kutso har bayan janareta.

"Yaya, ka ga hadarin can? Mun gaji da jiransa. Shinkafa ta fara ƙonewa, rijiya ta koma laka. Kai kuma ka kwaso barkononka za ka kore mana shi don waɗannan masu gashin su yi ta haushi!"

"Aiki na karɓa, Yem."

"To, ka dafa aikin ka ci. Gonar Baba ce ke mutuwa."

Ta juya abinta. Ranar Mbah ko shinkafar rana bai taɓa ba. Da aka buɗe ƙofa bayan azahar, samari suka cika fili maƙil, sai ga shi a jikin motata.

"Darto, ara mini sabulu."

Na ce, "Haba Mbah! Pak Gunadi zai cinye ka ɗanye." Pak Gunadi shi ne mai shirya bikin, ga shi da baƙar zuciya.

"Sabulu na ce, ba wa'azi ba."

Ya tuttumɓuke tsinkayensa, ya tafi famfon da ke bayan dandamali, ya sheƙa wanka a kan idon ma'aikata. Ni dai ban ce wankan ne ya jawo ba, abin da na gani nake faɗa. Ana tsakiyar kiɗa sama ta ɓalle. Aka kashe wuta, kiɗa ya tsaya, samari suka hau jifa da robobin ruwa. Pak Gunadi ya zage shi tas a gaban kowa, masu sumbatar hannu suka wuce shi kamar ba su san shi ba. Daga ranar ko mai ɗaurin aure bai ƙara nemansa ba.

Da kaka na kai masa ziyara. Na tarar da shi a bakin gona yana kiwon agwagi, Wagiyem na can tana shanya shinkafa.

"Ai dai mutanen gari sun gode maka ko, Mbah?"

Ya yi dariya har da tari. "Gode wa wa? A nan cewa suke Allah ne ya kawo ruwa, kuma gaskiyarsu ne. A birni ne kaɗai suka yarda ni ne."

Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Shi kuwa ya ɗauki sandarsa ya bi agwagin, don sun fara shiga gonar maƙwabci.