Sunayen da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana ya dawo daga Jidda da akwati ɗaya da mata. Ba dawowar arziki ba ce, kamo su aka yi aka zuba a jirgi. Matar doguwa ce siririya, 'yar Somaliya, yaƙi ya koro ta daga ƙasarsu. Mutanen ƙauyenmu, nan gefen Bagwai, suka sa mata Balarabiya. Ta sha gaya musu ita ba Balarabiya ba ce, har ta gaji ta soma amsawa.

Shekarun nan ne da kwanon gero ya fi ƙarfin mai noma shi. Tuwo sau ɗaya muke yi, da rana sai kwaɗon tafasa da ƙuli. Ni kuma aurena ya mutu, na dawo gida na ƙara musu baki. Balarabiya ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In dai akwai citta da kanumfarin da za ta tafasa, ko ba sukari, to ranarta ta yi kyau.

Abu ɗaya ne ya gagare mu da ita: mijinta take kira da sunansa, gatsau, a tsakar gida. Yaya kuwa ɗan farin Inna ne, tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Sai dai ta ce "wancan" ko "ɗan nan". Ranar da ta fara jin surukarta ta kwaɗa masa kira, ajiye ludayi ta yi ta shige ɗaki, ni kuwa na yi ta dariya a bayan rumbu.

Sun haifi ɗa namiji. Yaron bai gama koyon tafiya ba Yaya ya dawo daga dako a kasuwar Dawanau da zazzaɓi, bai tashi ba. Na yi kuka har na daina gane muryata. Inna ba ta yi a gaban mutane ba, ta dai rame. Da Balarabiya ta fita takaba kowa ya zaci tafiya za ta yi. Ta ce, "In tafi ina?" Ta zauna, tana haɗa turaren wuta ina kai mata gidajen amare.

Da yaron ya fara magana sosai, wata rana muna surfe ta ce da ni, "Faɗa min kakanninsa."

Na faɗi sunan Baba, wanda ya rasu ina ƙarama, na faɗi na mahaifinsa, na tsaya.

"Sai wa?"

"Sai Allah."

Ta ajiye taɓarya tana kallona kamar na ce ban san hanyar rijiya ba. A nan ta gaya min abin da ba ta taɓa faɗa ba. A ƙasarsu, yaro yana fara magana ake koya masa jerin ubanninsa, wane ɗan wane ɗan wane, har sama. Da yaƙi ya cinye gidansu ta fito a ƙafa ita kaɗai, ba takarda, ba kowa. Duk zangon da ta isa sai a ce, "'Yar wa?" Ta jero. Wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, a nan muka haɗu," sai a ba ta nono da wurin kwana. Haka ta kai bakin teku.

"Ni na ga yadda gari yake watsewa," in ji ta. "In na mutu, in ke kin yi aure, in wani abu ya koro shi, da me zai yi tafiya?"

Ban ga alamar abin da zai watsa ƙauyenmu ba, amma ban iya yi mata musu ba. Matsalar ita ce kakanninmu daga arewa wata tsohuwar yunwa ta koro su, ba mu da dangin uba kusa. Mutum ɗaya ya rage da ya san jerin: Inna, da ta tashi a hannun kakar Baba tana jin labarinsu. Ga shi daminar nan tari ya kama ta, har mun fara tsorata.

Muka same ta tana tsintar wake. Ta saurara har ƙarshe.

"Ke 'yar nan," ta ce da ni, "ita baƙuwa ce, ke fa? Ni zan buɗe baki in kira sunan surukaina?"

"Inna, ai sun daɗe da rasuwa."

"Rasuwa tana cire surukuta ne?"

Balarabiya ba ta sake tayar da maganar ba, amma na ga ta daina tafasa shayinta. Inna ma ta gani.

Da aka yi girbi tarin ya lafa. Wata safiya Inna ta yafa mayafi ta ce mu rako ta. Muka bi ta, yaron a bayan uwarsa. Ta tsaya nesa da mai gyaran keke na bakin masallaci, ta nuna shi da haɓa.

"Wancan, wa sunansa?"

Na faɗa.

"To," in ji ta, ta juya. "Shi ya haifi kakanki."

Sai da muka yi nisa na gane abin da ya faru. Balarabiya ta riga ni ganewa, tana ta maimaita sunan a hankali.

Haka muka yi ta yi duk kakar nan. Inna ta nemo takwara, ta nuna, ni in faɗa, ita ta ce "to". Na gaba jariri ne a ƙauyen da ke ƙetaren rafi, muka je barka ba mu san mai jegon ba, har aka ba mu kunu. Na ƙarshe tsohon suna ne da aka daina sa wa yara. Inna ta yi ta cigiya a kaikaice, har aka ce akwai wani dattijo mai sayar da igiya a kasuwar Rimin Gado. Muka shiga akori-kura tare da awaki, ita da ta yi shekaru ba ta wuce Bagwai ba. Ta taya igiyar da ba ma bukata, ta zungure ni na tambayi sunansa. Mutumin ya zaci zawarci ya kawo mu, har ya gyara hula. A hanyar dawowa mu uku muka yi ta dariya, Inna tana cewa mu yi mata shiru.

Sunayen ba su kai na Balarabiya yawa ba, amma ta ce sun isa. Kullum da safe tana shafa wa yaron mai tana jero masa, yana bi. Ni ban taɓa jin daɗin zama gidanmu kamar lokacin ba, duk da tuwon bai ƙaru ba.

Ranar da ya haddace, bayan la'asar, uwar ta tsayar da shi a gaban Inna. Uwar ta ce da shi, "Ɗan wa?"

Ya faɗi sunansa, sai ya tsaya. Na sama duk yana da su, ya sha rera su kamar waƙa. Na farkon ne ya ɓace masa, sunan uban da bai sani ba. Ya kalli uwarsa, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni ma na kau da kai ina share hawaye.

Inna ba ta ɗago daga faifan da ke cinyarta ba. A hankali ta faɗi sunan ɗanta, cikakke, yadda liman ya raɗa shi.

"Faɗi," ta ce da yaron. "Ɗana ne."